Wankin cikin inji lokacin sabis: injin da yake taimaka wa da wanda yake kashewa

Idan aka kai mota juye, sau da yawa makanike zai ɗago kai daga bonet ya ce, "Yallaɓai, a yi mata fulashin kafin a zuba sabon mai?" Mai mota kuma, da jin an ambaci wanki, sai ya ga ai tsafta ba ta taɓa zama laifi ba, ya ce a yi. To a nan ake kuskure, domin amsar tana cikin injin ne, kuma ba a saninta sai an leƙa. Injin da ake yi wa juye a kan lokaci ba ya bukatar wannan wanki. Injin da lakar lalataccen mai ta riga ta cika shi kuwa, wankin na iya zama ajalinsa. Wanda zai amfana yana tsakanin waɗannan biyun, kuma ba su kai yawan da ake zato ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Maganin wankin inji ruwa ne tsararo da ake sayarwa a kwalba ko gwangwani, galibi mililita 300 zuwa 500. Cikinsa akwai sinadaran narkar da dauɗa, waɗanda yawanci daga dangin fetur aka tace su, da kuma sinadaran da ke riƙe dattin ya yi ta yawo a cikin mai maimakon ya kwanta. Ana zuba shi a kan tsohon mai, a bar injin yana silo, wato yana aiki motar tana tsaye, na wasu mintuna, sannan a juye duka. Akwai wani nau'in kuma, wato man wanki: shi ana fara juye tsohon man ne, a cika injin da wannan mai marar kauri, a bar shi ya zagaya, a sake juyewa. Na biyun bai kai na farkon tsanani a kan inji ba, amma manufarsu ɗaya.

Abin da masu tallar maganin ba su cika faɗa ba shi ne, man inji na zamani da kansa mai wanki ne. Duk man da ke ɗauke da alamar inganci ta API SN ko SP, ko ɗaya daga cikin matakan ingancin ACEA, a jikin robarsa, an haɗa shi da sinadaran goge dauɗa da na riƙe ta, kuma suna aikinsu a hankali tsawon dubban kilomita, filta na tare abin da ya taso. Shi ya sa mai yake yin baƙi. Baƙin nan shaida ce cewa dattin yana cikin man, bai manne a jikin ƙarfe ba. A injin dizal ma, sabon mai kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki saboda toka, wato baƙin ɓarɓashin da ƙonewar dizal ke bari, kuma wannan ba ciwo ba ne. Duk wanda ya nuna maka baƙin mai a yatsa a matsayin hujjar wanki, bai kawo hujja ba tukuna.

Kamfanonin ƙera motoci ma ba su sa wankin nan a jadawalin sabis ba. Buɗe littafin motarka ka duba: za ka ga juyen mai, filta, fulogi, ruwan lagireto, man birki, amma da wuya ka ga wankin cikin inji. Da yawansu ma gargaɗi suke yi kada a ƙara wa man inji komai. Idan motar tana ƙarƙashin garanti, wannan gargaɗin kaɗai ya isa ya raba gardama.

Daga ina lakar take fitowa

Mai yana lalacewa ne idan zafi da iska suka daɗe suna cinsa, ga ruwa da fetur da toka suna sulalowa ta gefen zoben fistan suna shiga cikinsa. Idan sinadaran da ke cikinsa suka ƙare, dattin sai ya fara kwanciya, ya yi kauri, ya zama baƙar laka mai danƙo. Babban dalili shi ne jinkirta juye. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, gajerun tafiye-tafiye ne: motar da ake tayarwa a yi tafiyar minti biyar a kashe, man cikinta ba ya kai zafin da zai ƙone damshin da ya taru, kusan digiri 100 a ma'aunin Salsiyas. Sai kuma bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV. Idan ya toshe, tururin da ya kamata ya fita sai ya koma cikin mai. Akwai kuma yoyon ruwan lagireto ta gasket, da yawan zafin inji, da mai marar inganci ko wanda bai dace da injin ba.

Wasu injuna kuma tun daga ƙira suke da saurin tara laka. An san injin Toyota mai lita 3.0, wato 1MZ-FE, da 5S-FE mai lita 2.2 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 da wannan hali, haka nan 1.8T na Volkswagen Passat da Audi A4 na wannan zamani, da V6 mai lita 2.7 na Chrysler. Masu irin waɗannan su ne suka fi jin kwaɗayin zuba magani, kuma su ne ya fi kamata su yi taka-tsantsan.

Leƙa kafin ka yanke shawara

Ka kashe injin ya huce, ka buɗe murfin da ake zuba mai, ka haska tocila ciki. A yawancin injuna za ka hango wani sashe na kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ko ƙarafan da ke kewaye da shi. Idan ƙarfen fes yake, ko ya ɗan rine zuwa ruwan gwal ko ruwan ƙasa amma babu abin da ya taru a kansa, injin lafiyarsa lau. Wannan rinin zafi ne kawai, siriri ne, ba ya toshe komai, kuma bai cancanci a yaƙe shi ba. Idan ka ga baƙin abu mai laushi ya kwanta a lunguna, wanda ka iya dangwalowa da yatsa, laka ta fara. Idan kuwa ka ga dunƙule-dunƙule, ko busasshen abu mai ɓarewa kamar gawayi, abin ya yi nisa.

Wasu injuna suna da farantin da ya tare ramin, ba a ganin komai. A nan, idan akwai shakka, a cire murfin saman injin gaba ɗaya. Aikin ba shi da yawa a injin silinda huɗu, sai dai a tanadi sabon gasket na murfin, domin tsohon ba ya cika komawa ba tare da yoyo ba.

Ka duba ƙasan murfin man da kansa. Farin abu mai kauri a jikinsa alamar ruwa ce. Idan kaɗan ne kuma motar gajerun tafiye-tafiye take yi, damshi ne, doguwar tafiya ɗaya za ta kore shi. Idan gejin mai ma ya nuna man ya yi fari-fari, ga ruwan lagireto yana raguwa, to gasket ɗin saman silinda ko na'urar sanyaya mai ce ta ba da hanya. Babu kwalbar da za ta gyara wannan.

Sai ka saurari injin. Fitilar mai da ke ƙyaftawa a dashbod idan injin ya yi zafi yana silo, ko ƙarar ƙaf-ƙaf ta wasu daƙiƙu da safe kafin ta lafa, duk suna nuna man ba ya isa inda ya kamata da ƙarfin da ya kamata. Fitilar nan ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa sosai, wajen rabin bar (ma'aunin matsi ne) ko ƙasa da haka a motoci da yawa, don haka kafin ta yi magana ɓarna ta riga ta fara. Makanike mai agogon gwada matsin mai zai iya ɗaura shi a ramin na'urar fitilar ya karanta. Tsohon ma'aunin da ake bi shi ne kusan bar 0.7 ga kowane juyi 1,000 a minti idan man ya yi zafi, amma adadin da littafin injin ya bayar shi ne abin dogaro. Injin da matsinsa ya gaza, kada a kusance shi da maganin wanki.

Yadda wanki ke buga inji

A ƙasan inji akwai kaskon da mai ke taruwa. Famfon mai yana zuƙo shi ta wani bututu, kuma a bakin bututun akwai rariyar waya. Duk man da ke zagaya injin ta wannan rariya yake bi, kafin ma ya kai filta. Maganin wanki ba ya narkar da tsohuwar laka gaba ɗaya cikin minti goma. Abin da yake yi shi ne ya jiƙa ta, ya sassauta gindinta, ta ɓalle gutsure-gutsure ta gangaro cikin kasko. Wasu za su fita lokacin juye. Sauran, musamman waɗanda suka ci gaba da ɓallowa bayan an zuba sabon mai, sai su taru a kan rariyar. Famfo ya rasa abin zuƙa, metal ɗin karanshaf, wato 'yan farantan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, su bushe, inji ya buga. Abin takaicin shi ne ba a gareji hakan ke faruwa ba, sai bayan kwana biyu ko sati, a kan babbar hanya, lokacin da injin ke juyi da sauri yana neman mai da yawa. Shi ya sa mai motar ba ya cika danganta abin da wankin.

Ko rariyar ba ta toshe ba, akwai ƙananan hanyoyi. Injunan da ke sauya lokacin buɗe bawul da kansu, masu VVT, da matsin mai suke aiki, ta cikin na'urori masu 'yan mitsi-mitsin rariyoyi. Gutsure ɗaya ya isa ya kunna fitilar inji, motar ta fara kakkarwa a silo. Bututun da ke kai mai ga tobo, wato fankar da ke cusa wa inji ƙarin iska, shi ma siriri ne, ga tobo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, ba ya jure ƙishin mai ko na ɗan lokaci.

Matsala ta biyu ita ce tsinkewar mai. Rabin lita na ruwa marar kauri a cikin lita huɗu na mai yana rage kaurinsa sosai, shi ya sa ake hana tuƙi ko taka totur yayin wanki. Kuma juye ba ya fitar da komai duka. Akwai man da ke maƙalewa a hanyoyin cikin inji, da na'urar sanyaya mai, da lungunan saman silinda. Wannan ragowar, da maganin da ke cikinta, za ta gauraya da sabon man da ka zuba.

Ta uku ita ce yoyo. A tsohon inji, robobin da ke tare mai a bakin karanshaf da kamshaf sukan bushe su tsattsage, lakar da ta taru a bayansu ce ke toshe tsagar. Ka wanke ta, yoyo ya bayyana. Gaskiya ne cewa ba wankin ne ya lalata robar ba, ta riga ta mutu, amma wanda zai sauke giya don canza robar bayan karanshaf ba zai ga wani bambanci ba.

Akwai injunan da ba a ma tattauna batun a kansu. Waɗanda belin taimin ɗinsu ke gudu a cikin mai, irin su EcoBoost mai lita 1.0 na Ford da PureTech mai lita 1.2 na Peugeot da Citroën, robar belin tana da saurin lalacewa idan sinadarin da bai dace ba ya taɓa ta, kuma ɓarɓashinta rariyar famfo yake toshewa. Babur mai kulocin da ke cikin man inji shi ma kada a zuba masa maganin da aka yi don mota. Tsohuwar dabarar nan ta zuba kananzir ko man dizal a cikin inji kuwa, ta zamanin injuna masu faffaɗan hanyoyi da mai marar sinadaran wanki ce. A injin yau, a bar ta.

Inda yake da amfani

Injin da ke da laka mai laushi, siririya, matsinsa yana da kyau, ba ya yoyo, kuma an san dalilin lakar an gyara shi: wannan zai iya amfana da wanki sau ɗaya. Haka nan wanda zoben goge mai na fistan ya fara maƙalewa saboda dauɗa, yana ɗan shan mai, wani lokaci wanki kan sassauta zoben, kodayake idan zoben ko silindar sun cinye babu abin da zai canza. Sai injin da ruwan lagireto ya shiga mansa aka gyara gasket, ko aka zuba masa man da ba nasa ba. A nan ana bukatar ɗauraya, amma da mai tsantsa ma ana yin ta.

Sauya mai daga na gargajiya zuwa wanda ake kira sintetik ba dalilin wanki ba ne. Suna gaurayuwa ba tare da matsala ba. Sayen motar hannu da ba a san tarihinta ba shi ma dalilin leƙawa ne, ba dalilin zuba magani ba.

Idan za a yi, ga yadda ake yi

Ka tanadi maganin gwargwadon yawan man injinka kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, kada ka ƙara don a fi wankuwa. Ka tanadi filta biyu, sabuwar washar notin juye, man da littafin motar ya ce, da kuma mai mai sauƙin kuɗi amma mai kauri iri ɗaya wanda zai cika injin sau ɗaya don ɗauraya. Yawancin injunan silinda huɗu suna cin lita 3.5 zuwa 5.

Ka tuƙa motar minti goma zuwa sha biyar ta yi zafi, ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri mai iska, domin hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki yana kisa. Ka kashe ta ka duba gej. Idan man ya kai alamar sama, ka ɗan rage kafin ka zuba maganin, saboda mai da ya wuce ƙima karanshaf kan doke shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi. Idan man ya yi ƙasa da alamar ƙasa, ka cika shi tukuna.

Ka zuba maganin, ka rufe, ka tayar da injin ka bar shi a silo na tsawon lokacin da kwalbar ta faɗa, galibi minti 10 zuwa 15. Ba tuƙi, ba taka totur, a kashe na'urar sanyaya cikin mota. Kada ka tafi ka bar shi. Ka tsaya idonka a kan fitilar mai, kunnenka a kan injin. Da zarar fitilar ta ƙyafta ko wata sabuwar ƙara ta taso, ka kashe nan take.

Ka juye da zafinsa, da safar hannu, motar tana kan rami ko kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ba kan jak kaɗai ba. Ka ba shi aƙalla minti 15 yana ɗiga. Yana da kyau a tace abin da ya fito ta rariya a ga me ya taho da shi. Idan dunƙule ne suka fito, to akwai 'yan'uwansu a ciki, kuma cire kaskon ƙasa ya zama dole kafin a sake tayar da injin.

Idan babu dunƙule, ka ɗaura filta ta farko, ka zuba man ɗauraya, ka bar injin a silo minti goma, ka sake juyewa. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, alhali shi ke fitar da ragowar maganin. Sannan ka ɗaura filta ta biyu. Ka tabbata robar tsohuwar ba ta manne a jikin injin ba, domin roba biyu a haɗe feshin mai suke yi cikin daƙiƙu. Ka shafa wa sabuwar robar mai, ka murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Notin juye a sa masa sabuwar washa, a ɗaure da ƙarfin da littafi ya ce, wanda a motoci da yawa yake tsakanin 25 da 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm. Kaskon alminiyam ba ya yafe ɗaurin ƙarfi, zarensa kan cinye. Ka zuba mai, ka tayar, fitilar ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, ka kashe, ka jira minti biyar ka duba gej da ƙasan motar. Tsohon man a zuba shi a jarka mai murfi a kai inda ake karɓa, kada a zubar a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Juye na gaba a gaggauta shi, bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000, domin lakar da maganin ya jiƙa za ta ci gaba da saki.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali

Ga injin da lakarsa matsakaiciya ce, juye kusa-kusa yana yin aikin da maganin zai yi, a hankali, ba tare da ɓalle dunƙule ba. A zuba mai mai inganci da sabuwar filta, a yi tafiyar kilomita 1,000 zuwa 1,500 wadda ta haɗa da dogayen tafiye-tafiye, a juye, a maimaita sau biyu ko uku. Kowane karo a yanka tsohuwar filtar a buɗe takardar cikinta a duba. Idan dattin yana raguwa, ana kan hanya. Idan aka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinta, zancen ya tashi daga na laka, metal ne ke cinyewa.

Injin da lakarsa ta yi dunƙule kuwa, hannu ne maganinsa. A cire murfin sama da kaskon ƙasa, a toshe ramukan da mai ke gangarowa ta cikinsu da tsumma kafin a fara kankara, don kada abin da aka kankare ya faɗa ciki, kuma a ƙirga tsummokaran a tabbata duk an fitar da su. A kwance bututun famfon mai a wanke rariyarsa ko a canza shi, tare da robar bakinsa, domin idan robar nan ta shaƙi iska matsin mai faɗuwa yake yi. A wanke na'urorin VVT da rariyoyinsu, a canza bututun man tobo idan akwai shi, sannan a bi da juye kusa-kusa kamar yadda aka faɗa.

Ko wace hanya aka bi, a canza bawul ɗin PCV a busa robobinsa a tabbata ba su toshe ba, a gwada tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a ga injin yana kai zafinsa na aiki. Tamostat da ya maƙale a buɗe, ko aka cire shi gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, yana barin mai cikin sanyi da damshi, lakar kuma ta dawo. Motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye, ko tsayuwa cikin cunkoso, ko bin hanya mai ƙura, a bi da ita jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafinta, wanda sau da yawa rabin tazarar da aka saba ne, kuma a ƙirga watanni ko da kilomitar ba ta cika ba.